Wane lokaci ya dace in hau sikeli? Lambar nan tana neman karya mini gwiwa

Maman_Hamdiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya dame ni. Mako uku ke nan da likita ya ce jinina ya hau, ya ce lallai in rage jiki. Na daina cin tuwo bayan isha'i, na rage sukari a koko, kuma kullum bayan asuba ina takawa daga gidanmu a Aboabo zuwa Asawase in dawo. Maigida ya sayo mini sikeli mai batir a Adum. Ranar Litinin da safe na hau, ya nuna 91.2. Jiya Laraba da na dawo daga kasuwa wajen magariba na sake hawa, sai ga 93.0. Wallahi zama na yi a bakin gado, na rasa abin da ke mini daɗi. Kusan kilo biyu a kwana biyu, alhali ina ta hana kaina abinci. Yau da safe kuma 91.5. To wanne zan kama? Sikelin ne ba shi da kyau ko jikina ne ba ya ji? Kuma sau nawa ya kamata mutum ya hau, kullum ko mako-mako?

Hajiya_Alabar:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba da lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba a awo da yamma. Duk abin da kika ci kika sha tun safe yana cikinki.

Sista_Rahi:
Maman Hamdiya, ni nas ce a nan Kumasi, kuma kusan kowane mako sai wata ta yi mini wannan tambaya. Sikelinki lafiyarsa lau, jikinki ma haka. Ki ɗauki ledar fiya wata ɗaya ki riƙe a hannu: rabin lita ce, nauyinta rabin kilo. In kika sha huɗu a zafin kasuwar Kejetia, kilo biyu kika zuba a ciki. Wani zai fita ta fitsari, wani ta gumi, amma ba duka a lokaci guda ba. Ki ƙara da abincin rana da bai gama narkewa ba, da zane da riga da mayafi da kika hau da su. Ga 93 ɗinki nan. Babban mutum nauyinsa yana hawa da sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a yini ɗaya, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Kitse ba ya taruwa da irin wannan sauri. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mace babba tana buƙatar kamar 2,000 a rana. Ke nan kafin ki ƙara kilo biyu na kitse daga Litinin zuwa Laraba, sai kin ci abincin mako guda a kan wanda kika saba ci. Kin san ba ki yi haka ba.

Yadda za ki yi: da kin tashi, ki shiga bayi ki yi fitsari, kafin ki sa komai a baki, ko ruwa, sai ki hau. Kaya marasa nauyi, irin guda kullum, babu takalmi. Sikeli ɗaya, wuri ɗaya. Lambar safe ki kwatanta ta da lambar safe kawai. Ta yamma ki manta da ita.

Maman_Hamdiya:
Allah ya saka da alheri Sista. Wallahi da na karanta maganar fiya wata sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ranar na sha ya fi leda biyar.

Abu_Fawzan:
In ƙara a kan maganar Sista, a duba inda aka ajiye sikelin. Ni wata biyu ina hawa a kan kafet ɗin ɗaki, yana nuna mini lamba iri-iri, in matsa da shi gefe ya canja. Da na kai shi kan tayil ɗin falo sai ya tsaya. Ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya yake so, siminti ko tayil. Ƙafafunsa huɗu su zauna daram. In batir ya yi sanyi ma yakan rikice.

Ummu_Sawaba:
Ni dai shawarata sau ɗaya a mako. Juma'a da safe nake hawa kafin in yi wanka, in rubuta a bayan kalanda. Hawa kullum wahalar da zuciya ne. Na yi shi a baya, ranar da lamba ta hau ko gaisuwar kirki ba na iya yi wa mutane.

Malam_Tijjani_Ticha:
Ummu Sawaba, da girmamawa, ni na saɓa miki a nan. Matsalar sau ɗaya a mako ita ce ba ki san wace rana kika kama ba. In daren Alhamis an yi miya da koobi ko momoni, wato kifi mai gishiri, gishiri ya riƙe miki ruwa, Juma'a za ki ga kin hau, ki kwana bakwai da baƙin ciki a kan abin da ba gaskiya ba. Ni kullum nake hawa, amma ba na sauraron lambar rana ɗaya. Ina rubutawa a littafi, ranar Lahadi in tara bakwai ɗin in raba da bakwai.

Ga na makon jiya waccan: 98.4, 98.0, 97.8, 98.3, 97.6, 98.5, 98.8. In ka tara ka raba, 98.2. Makon da ya biyo baya Litinin ɗina 98.6 ce, wato ta fi Litinin ɗin baya. Da mako-mako nake hawa, da na ce na koma baya. Amma da na fitar da matsakaicin makon sai ya ba ni 97.7. Rabin kilo ya tafi. Wannan lissafin ne ya riƙe ni shekara guda, daga 109 na sauko. Lissafin ɗan aji huɗu ne, wayar hannu ma tana yi.

Ummu_Sawaba:
Malam, kai ticha ne, lamba ba ta tsorata ka. Mu da muke tashi da girkin sayarwa tun ƙarfe huɗu, ina muka ga lokacin tarawa da rabawa? Kuma ba kowace zuciya ce za ta ga 98.8 ta ce ba komai ba.

Malam_Tijjani_Ticha:
Gaskiyarki a wannan. To in mako-mako ne, a zaɓi tsakiyar mako, Laraba ko Alhamis. Kada a zaɓi Litinin. A Zongo Asabar da Lahadi suna ne da aure, shinkafa da nama da lemo. Ki duba lambobina na sama, biyun ƙarshe Asabar da Lahadi ne.

Zee_Tafo:
Ba wanda ya taɓo maganar al'ada. Mata, don Allah ku lura da wannan. Ni kwana huɗu ko biyar kafin jinina ya zo sai in ƙara kilo ɗaya da rabi, zobe ya matse ni, ciki ya kumbura. Da ya zo ya yi kwana biyu sai in yi ta fitsari, nauyin ya zube. Wata uku ina ganin haka kafin na gane. Yanzu makon al'ada na wannan wata nake kwatantawa da makon al'ada na watan jiya, ba da makon tsarki ba.

Sista_Rahi:
Zee ta faɗi gaskiya, sinadaran jikin mace ne suke sa a riƙe ruwa a wannan lokaci. Kuma akwai wani abu da ke ruɗa mutane a farkon fara rage abinci. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Da kin rage banku da fufu da dokunu, wannan ajiyar ce take fara zubewa da ruwanta. Shi ya sa makon farko wata za ta ga kilo biyu sun tafi, ta yi murna, mako na uku ta ga rabin kilo kawai, ta ce abin ya daina aiki. Bai daina ba, a lokacin ne ma aka iso kan kitsen. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da ake so. Haka kuma ranar da kika ci fufu sosai a gidan biki, washegari ajiyar ta dawo da ruwanta, sikeli ya hau.

Maman Hamdiya, wane maganin hawan jini aka ba ki?

Maman_Hamdiya:
Amlodipine ne, ƙwaya ɗaya da safe.

Sista_Rahi:
To ki lura da idon sawunki da yamma. Wannan magani yakan sa wasu ƙafa ta ɗan kumbura. In kin ga haka kada ki daina sha da kanki, ki gaya wa likitan ranar da za ki koma. Wasu kuma ana ba su mai sa fitsari, su kuma sai su ga sun sauka a kwanakin farko, ruwa ne ya fita. Kuma ki rage gishiri da dunƙulen magi da shito na kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da busasshen kifi da burodi. Wannan zai taimaki jininki kai tsaye, ba sai an jira kilo sun sauka ba.

Baba_Direba:
Ni tambayata, mu da ba mu da sikeli a gida fa? Ina tuƙa tirotiro, wani lokaci in na ga masu sikeli a bakin hanya sai in ba da 'yan kuɗi in hau. Wannan ya ce 88, wancan ya ce 91. Asibiti kuma suka ce 89 da rabi.

Abu_Fawzan:
Baba, kowane sikeli da halinsa. Na bakin hanya mai allura ne yawanci, rana ta buge shi, mutum ɗari sun taka shi, ga ƙasar ba daidai ba. Kuma kana hawa da takalmi da makullai da canji a aljihu. Ka zaɓi wuri ɗaya, kamar shagon magani na kusa da tasharku, ka riƙa zuwa da safe kafin ka sha koko, sau biyu a wata. Ko sikelin yana ƙara kilo ɗaya, kullum haka zai ƙara, kai kuma bambancin kake nema. Mai na gida kuma in yana son ya gwada nasa, ya hau shi kaɗai, ya sauka, ya ɗauki buhun shinkafa mai kilo 5 da ba a buɗe ba ya sake hawa. In bambancin ya ba da 5 ko kusa sosai, sikelin yana da gaskiya.

Baba_Direba:
Na gode ɗan uwa. Akwai shago nan kusa, zan tambaye su.

Anti_Tela:
Ku bar ni in yi magana a matsayina na mai ɗinki, shekara ashirin da huɗu ina riƙe da tef. Littafin awona ya fi sikelinku faɗin gaskiya. Akwai wata kwastomata, ta zo tana ƙorafi wata biyu tana atisaye a filin Baba Yara amma kilo ɗaya kacal ta rage. Na ce tsaya. Na buɗe shafinta na Sallar bara, ƙugu inci 41. Na zagaya mata tef, 38 da rabi. Sai da na kama rigunanta uku a wannan makon. Tana ganin lambar ta rufe baki da mayafi, idonta ya kawo ruwa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, zane ma ya sani. Ku riƙa auna ƙugu sau ɗaya a wata, tef ɗin bai kai kuɗin kwanon waakye ba.

Zee_Tafo:
Anti, a ina daidai ake zagayawa? Don na ɗinki daban ne ina jin.

Sista_Rahi:
Na lafiya ba inda ake ɗaura zane ba ne. Ki laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe, ki laluba saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu za ki sa tef, yawanci ɗan sama da cibiya. A tsaye, a kan fata, ki saki numfashi, kada ki shanye ciki, kada ki matse tef. Ga mace, daga santimita 80 an fara shiga haɗari, 88 zuwa sama haɗarin ya yi yawa. Ga namiji 94 da 102. Mafi sauƙin riƙewa: ƙugu kada ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 162, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 81, wato kamar inci 32. Kitsen tumbi shi ne mai tafiya da ciwon sukari da hawan jini, ya fi na cinya da ɗuwawu illa.

Kuma abin da ya faru da kwastomar Anti sananne ne. Wanda ya fara atisaye sabo, tsoka takan yi tsami ta riƙe ruwa na wasu kwanaki, sai lamba ta tsaya cik alhali kitse yana tafiya.

Sarkin_Gym_Asafo:
Daidai. Kuma masu hawa sikeli bayan sun gama gudu suna murna kilo ɗaya ya tafi, gumi ne. Ka sha ruwa ya dawo. Ina ganin yara suna sa rigar leda suna gudu da rana tsaka don su yi gumi, wannan neman suma ne kawai.

Fati_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Ni na sayi wani shayi na rage teɓa a wajen wata mai talla a Facebook, sidi ɗari da hamsin. Kwana uku na farko kilo biyu suka tafi, na kira ta ina godiya. Ashe gudawa ce kawai. Dare ɗaya na shiga bayi sau shida, da asuba ƙafata ta riƙe, na kasa tsayuwar salla. Da na daina sha, cikin kwana huɗu komai ya dawo. Na kira ta, ta ce ban sha yadda ya kamata ba, in ƙara sayen kwali biyu. Da na san abin da Sista ta rubuta a sama game da ruwa, da ban ba da kuɗina ba.

Hajiya_Alabar:
Subhanallah. Sannu Fati. Irin wannan shayi yawanci ganyen filasko ne a ciki, mun san shi tun muna yara, na wankin ciki ne. Ba a mai da shi abin sha kullum.

Alhaji_Sabon_Zongo:
Ni fa duk wannan magana ban gane mata ba. Iyayenmu ba su san sikeli ba, sun ci tuwon zafi da miyar ayoyo sun shekara tamanin, tasa'in. Mace in ta yi jiki alamar kwanciyar hankali ce. Yanzu an sa wa 'ya'yanmu tsoron abinci.

Malam_Tijjani_Ticha:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu sun ci tuwo, amma su suka daka hatsin, su suka ɗebo ruwan, da ƙafa suke zuwa kasuwa. Ba su san lemon kwalba da madarar gwangwani a kowane kofin shayi ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Ghana a 2014 ya nuna mata 4 cikin 10 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Mai wannan tambaya kuma likita ne ya ce ta rage saboda jininta, ba don ado ba.

Ummu_Sawaba:
Alhaji, abin da ka faɗa shi ne yake hana mu ci gaba. Da na rage kilo shida, a gidan suna wata ta ja ni gefe tana tambaya ko maigida ya yi mini kishiya ne, wata ta ce in je a gwada jinina. Ba wadda ta tambaye ni gwiwata da a da ba na iya sujada da ita sai a kan kujera. Yanzu ina kai goshina ƙasa.

Alhaji_Sabon_Zongo:
To in don salla da lafiya ne ban ƙi ba. Allah ya ƙara sauƙi. Amma a bar yara 'yan mata su ci abinci.

Mma_Asabe:
A kan wannan ta ƙarshe ina bayan Alhaji, kuma ina roƙon ku karanta da kyau. 'Yata tana da shekara goma sha shida lokacin da na sayi sikeli don kaina na ajiye a ɗaki. Ban san tana hawa ba. Ashe sau biyar, sau shida a rana: kafin makaranta, bayan makaranta, bayan ta ci, bayan ta fito bayi. Ta fara cewa ta ƙoshi a makaranta. Na riƙa samun abincinta a leda a bayan gida. Ranar da na gane, na shiga ɗaki da dare na same ta tsaye a kan sikelin cikin duhu tana haska shi da waya, tana kuka saboda giram ɗari uku. Yarinyar da ƙashin wuyanta ya fito. Al'adarta ma ta ɗauke wata uku.

Mun kai ta asibiti, an haɗa mu da likitan da ke kula da irin wannan damuwa, an yi wata da watanni. Alhamdu lillahi ta dawo. Sikelin kuwa na ba da shi. Ba ina cewa kowa ya jefar da nasa ba. Ina cewa in kin ga lambar ita ke yanke miki ko za ki ci abinci yau, ko kina hawa fiye da sau ɗaya a rana, ki sauka daga kansa ki nemi taimako. Kuma masu 'yan mata a gida, ku sa shi inda ba sa gani, ku daina faɗin nauyinku da baƙin rai a gabansu.

Zee_Tafo:
Allahu akbar. Mma, Allah ya ƙara mata lafiya. Jikina ya yi sanyi.

Malam_Tijjani_Ticha:
Mma Asabe, na karɓi wannan. Hanyata ta kullum ba ta kowa ba ce. Abin da ya sa nake riƙe da ita, a Amurka akwai wani kundi da aka buɗe a 1994, National Weight Control Registry, na mutanen da suka rage fiye da kilo 13 kuma suka riƙe aƙalla shekara guda. Kashi 75 cikin ɗari nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Wato sa ido yana taimakawa, don kilo biyu sun fi sauƙin kamawa a kan goma. Amma a lura, sau ɗaya a mako ma ya shiga lissafin. Don haka Ummu Sawaba tana kan hanya.

Ibn_Salis:
Masu azumin Litinin da Alhamis fa, ko in Ramadan ya zo? Yaushe za mu hau?

Abu_Fawzan:
Ni da na tashi sahur nake hawa, bayan bayi, kafin in ci. Amma ka sani lambar Ramadan ba ta kwatantuwa da ta sauran watanni, don buɗa-baki da abincin bayan tarawi suna ciki har lokacin. Kada dai ka hau dab da magariba ka ɗauka ka rame, ƙishirwa ce. Bara na ga kilo uku sun tafi a azumi, kafin Shawwal ya ƙare biyu da rabi sun dawo.

Dr_Ba_Likita_Ba:
Akwai sikelin da ke haɗuwa da waya, yana nuna kitse kashi nawa, ruwa kashi nawa, tsoka nawa. Shi ya fi, ku nemi irinsa.

Sista_Rahi:
Nauyin da yake nunawa daidai ne, amma kason kitsen kintace ne. Wata 'yar wutar lantarki da ba a ji yake turawa ta tafin ƙafa, ya ƙiyasta daga yadda ta ratsa jiki. In ka sha ruwa ko ka yi gumi sai lambar ta canja. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau irinsa. Mai tsada da mai araha, nauyi iri ɗaya suke aunawa.

Tunda an zo nan, bari in faɗi wasu da dokarsu daban. Mai ciki ba ta rage ƙiba, awonta na asibiti ne. Mai jego ta ba jikinta lokaci, in ta kai jariri weyin, wato awon jarirai a asibiti, sau ɗaya a wata za ta iya roƙo ta hau na manya, ya wadatar. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ce ya riƙa awo kullum, shi ruwa ake bibiya: in ya ƙara fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ko ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya in ya kwanta, asibiti a ranar. Sannan wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari da gumin dare, kada ya yi murna, ya je a gwada sukari da tarin fuka.

Baba_Direba:
Wannan ta ƙarshe ita ta sami yayana. Ya zube cikin wata uku, muna ce masa ya yi kyau, tumbi ya tafi. Sai da ya faɗi a tasha aka kai shi asibitin Komfo Anokye, ashe sukari ne. Yanzu yana kan magani, da sauƙi.

Maman_Hamdiya:
Sista, wata tambaya kuma. Tsayina 1.62. Wata ta lissafa mini ta ce sai na koma kilo 65 kafin a ce na daidaita. Kilo 26 ke nan. Da na ji haka sai na ji kamar in haƙura.

Sista_Rahi:
Lissafinta na BMI ne: nauyi a raba da tsayi sau tsayi. Naki 91 a raba da 1.62 sau 1.62, ya ba da wajen 34.7. Daga 25 an wuce kima, daga 30 ƙiba ce. To 65 ɗin daga nan ta samo shi. Amma ba sai kin kai can jikinki zai fara amfana ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana taimaka wa hawan jini da sukari. A wajenki kilo 4 da rabi zuwa 9 ne. Ki sa 86 a gabanki tukuna. A rabin kilo duk mako, wata biyu da rabi ne.

Hajiya_Alabar:
Sannu ba ta hana zuwa, 'yata. Ni shekarata sittin da ɗaya, ba na hawa sai ranar da na je karɓar magani, wata-wata. Zoben aurena ne ma'aunina, shekara goma ba ya fita, bana ya fita.

Fati_Nima:
Ni tun bayan abin shayin nan na koma Laraba da Asabar, sau biyu a mako. Asabar kafin mu tafi hawan dutsen Aburi, daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Kullum ya yi mini yawa, sau ɗaya kuma ya yi mini kaɗan.

Maman_Hamdiya:
Na dawo da labari bayan kwana tara. Na kai sikelin kan simintin tsakar ɗaki, na ɗaga leda. Na gwada da buhun shinkafa kamar yadda Abu Fawzan ya ce, ya ba da 5.1. Na bi hanyar Malam Tijjani mako ɗaya don in gani da idona: 91.2, 91.6, 90.9, 91.4, 92.0, 91.1, 90.9. Hamdiya ta raba mini, 91.3. Ranar 92.0 ɗin washegarin sunan ƙanwar maigida ce. Amma gaskiya ranar da na ga 92 sai da na ƙi karyawa har azahar, kuma na tuna maganar Mma Asabe, ga shi Hamdiya tana kallona. Don haka na mai da sikelin cikin kwalinsa a saman sif. Laraba-Laraba zan riƙa sauko da shi. Ƙuguna santimita 103, na rubuta. Jini kuma jiya a shagon magani 138 bisa 88, a da 152 bisa 96 ne.

Malam_Tijjani_Ticha:
Madalla da saukar jinin. Amma ki riƙe 91.3 ɗin nan a rubuce, ita ce mafarinki na gaskiya. In Laraba ɗaya ta hau kada ki yanke hukunci sai kin ga huɗu a jere.

Ummu_Sawaba:
Barka 'yar uwa. Kada ki sake ƙin karyawa, ga magani kina sha.

Ibn_Salis:
Sista Rahi, ni aikin gadi nake yi, dare nake kwana a farke, in kwanta ƙarfe bakwai na safe in tashi azahar. Tawa safiyar wacce ce, lokacin da na dawo gida ko lokacin da na farka?